Hanyar da Duna Ya Fitar

Ku 'yan babur da ke zama a gindin dutsen nan kuna jiran fasinja, na ji abin da ɗayanku ya faɗa ranar Laraba, don kunnena bai mutu ba tukuna. Wai korar jaki ba sana'a ba ce, jaki ne ke aiki, mutum yana binsa a baya da sanda yana hamma. Madalla. Tunda kun ƙware wajen sanin abin da ba ku taɓa yi ba, ku gyara zama in ƙara muku ilimi, in ya so ku kai wa na gaba.

Sunana Ɗanlami, ga wanda bai sani ba. Tun ban kai kafaɗar jaki ba nake hawa Dutsen Maje da kayan mutane, ban bari ba sai da gemuna ya yi fari. Ƙasar nan tamu kun gan ta, shimfiɗe take, gona manne da gona daga nan har Tsanyawa, ko akuya ka ɗaure sai igiyarta ta taɓa shukar wani. Dutsen nan shi kaɗai ya tashi a tsakiyar gonaki bai yi shawara da kowa ba. Kakanninmu suka hau shi zamanin mahara, suka tarar da fili a samansa, ga kuma wani kwarmi da ke riƙe ruwan damina har bazara. Da aka samu zaman lafiya, masu hankali suka sauko kusa da gonakinsu, su ne 'yan Ƙasa. Masu taurin kai suka ce ba inda za su, su ne mu 'yan Sama. Shi ya sa masallacin Juma'a yake sama, coci yana sama, tsohuwar tsamiyar da wasu tsofaffi ke kai wa jan zakara ita ma tana sama, kuma ba wanda ya taɓa hana wani barci a kan haka.

Kasuwar Laraba ma a sama take. Kowane gari yana ajiye kasuwarsa inda ƙafa za ta kai ba wahala, mu muka ɗora tamu a kan dutse. Kada ku tambaye ni hikimar. Ni dai na san a cikin wannan rashin hikimar ubana ya ci abinci, kawuna ya ci, ni ma na ci. Hatsi a ƙasa ake noma shi, a ɗora wa jaki ya hau da shi, ɗan kasuwa ya saya, a sake ɗora wa jakin ya sauko da shi, ya wuce ta gefen gonar da aka nome shi. Buhu ɗaya, lada biyu. Muddin kasuwa tana sama, mai jaki yana da tuwo. Ranar da ta sauko, ya tashi aiki. Wannan ko jakunan sun sani.

Kayan farko da aka bar ni na ɗaura da hannuna dawa ce, taiki biyu, ta wani mutumin Shanono. Taiki shi ne buhun fata, kafin a kawo muku na leda. Ƙanin mahaifiyata, Kawu Nomau, shi ya koya mini aikin, kuma mutum ne da ba ya gyara maka kuskure sai ya tabbata kuskuren ya nuna. Ya tsaya yana cin goro yana kallona, na ɗora akumari, na ja majayi ta ƙarƙashin cikin jakin, na ɗaure taikin nan tamau har ina yaba kaina. Muka kama hawa. Muna isa inda dutsen ya miƙe, kayan suka fara zamewa baya sannu a hankali, har suka sauka ta kan wutsiya, bakin taiki ɗaya ya kwance. Dawa ta bi gangara. Kajin Dutsen Maje ba su taɓa ganin biki irin na ranar ba.

Kawu ya tofar da goro ya ce, "Ɗanlami, sannu da sadaka. Wa ya rasu?"

Na ce, "Kawu, ai na ɗaure."

Ya ce, "Ka ɗaure, ɗaurin mai zuwa Bichi. Can hanya a kwance take. Nan in za ka hau, igiya ta bi ta ƙirji, don kaya baya suke so. In za ka sauko, ta bi ta ƙarƙashin wutsiya, don wuya suke so. Tsuguna ka tsince, mai dawar bai ce ya ba kaji ba."

Na wuni ina zaƙulo dawa daga tsagar dutse da tsinke. Daga ranar ban sake manta igiyar ƙirji ba, ko a mafarki.

Ita sandar da kuke cewa ita ce sana'ar, ita ce mafi ƙarancin amfani a kayan aikinmu. Wanda ya fi yawan dukan jaki shi ne wanda bai iya ɗauri ba, yana huce haushin hannunsa a jikin dabba. Aikin yana cikin akumari. Ka cika shi da audugar rimi daidai wa daida, ka shanya shi duk ranar da ya sha gumi, ka bubbuge shi ya tashi, don in ya dunƙule waje ɗaya zai ci bayan jaki ya yi miki, jaki mai miki kuwa hutu yake, kai kana ciyar da shi yana kallonka. Bayan akumari sai awo. Ba mu da sikeli, hannu ne sikelin. Ka ɗaga wannan buhu, ka ɗaga wancan, ka san wanne ya fi ɗan'uwansa, sai ka nemi dutse daidai bambancin ka saka a gefen da ya gaza. Na sha hawa da dutse zuwa kan dutse, kuma ba wanda ya taɓa biyan ladansa. Sannan da safe ka ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya ka duba ko tsakuwa ta maƙale, ka jiƙa dusa, ka sa kanwa a ruwan sha. Ku in babur ya ƙi tashi, ku tura wa bakanike ku koma shan shayi. Mu bakaniken ne, mu ne direban, mu ne kuma mai.

Tsohuwar hanyar, wadda yanzu ciyawa ta cinye, wurare biyu gare ta masu suna. Akwai Santsi, wani falalen dutse da gansakuka ke rufewa da damina. Duk ranar Talata da yamma sai mun watsa masa yashi da toka, in ba haka ba Laraba a kwashi jaki da kayansa a gonar wani. Akwai kuma Maƙogwaro, tsaga ce tsakanin manyan duwatsu biyu, jaki ɗaya da kayansa ne ke wucewa, shi ma yana gogar bango. Tana da lanƙwasa, ba ka ganin mai zuwa. Dokar ita ce kafin ka shiga ka buga sanda a jikin dutse ka saurara, in an amsa daga ƙasa ka jira, don mai hawa shi ke da hanya. Dalili kuwa, jaki ba ya tafiya da baya. Ko ubansa ya dawo duniya ya roƙe shi ba zai yi ba.

Wata Laraba wani Alhaji mai sayen gyaɗa daga Kano ya hayi jaki zai sauko a kai, ya ce shi ba ya jiran bugun sanda, wannan al'adar ƙauye ce, yana sauri. Ya kutsa Maƙogwaro. A tsakiya ya yi kiciɓis da jakin Kawu Nomau yana hawa da daddawa, sabuwa, mai tashin wari. Jaki ya dubi jaki, kowa ya ƙi motsi. Bango dama, bango hagu, Alhaji ba wurin da zai sauke ƙafa. Kawu ya nemi inuwa ya zauna ya ɓare goro, ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, mu mutanen ƙauye ba mu iya sauri ba." Sai da aka sauke daddawar kwando kwando ta kan Alhajin kafin a samu hanya. An ce da ya isa gida sai da aka wanke babbar rigar har ta koɗe.

Cikin masu ba ni kaya ba wadda ta kai Inna Talatu, maginar tukwane daga unguwar Ƙasa. Ita ta fi kowa ƙarancin biya, ta fi kowa yawan magana. Tukwane a raga ake ɗaukar su, a jera ƙarama cikin babba, a cusa ƙaiƙayi tsakani, baki na kallon ƙasa. In ka matse raga su fashe, in ka sassauta su gwabzu da juna su fashe. Ita kuma tana biye da kai tun daga gindin dutse tana ba da umarni, ni da jakin duka. "Ɗanlami, ka ce masa ya bi ta hagu." Ni kuwa in ce, "Inna, gaya masa da kanki, ya fi jin maganar manya." Shekara da shekaru ina hawa da tukwanenta, ko murfi bai taɓa tsagewa ba, amma duk Laraba sai ta ƙwanƙwasa kowace ɗaya a gabana tana saurare, tana hararata.

Kuma ba ta yarda a ɗora tukwanenta a kan kowane jaki sai Duna. Duna baƙin jaki ne da na saya yana ɗan ƙarami a karar dabbobin kasuwarmu. Ba shi da sauri, ba shi da kyau, kunnensa ɗaya ma a karye yake. Malalaci ne na ƙarshe, amma lalacinsa da lissafi. Ba ya taɓa taka wuri mai tsayi in akwai mai sauƙi kusa. Sauran jakuna su tunkari dutse kai tsaye suna nishi, shi ya karkata dama, ya karkata hagu, ya iso sama bai jiƙe ba, kayan ko girgiza ba su yi ba. Na sha zaginsa a kan haka. Kawu ya ce in bar shi, duk cikinmu shi kaɗai ne ke tunani kafin ya ɗaga ƙafa.

Shekarar da ta ɓaci ita ce wadda aka zuba kwalta a hanyar ƙasa, wannan da kuke tsere a kanta. Da kwalta ta zo, manyan motoci suka fara tsayawa a gindin dutse. Alhazan da ke sayen hatsi suka duba sama, suka duba gwiwoyinsu, suka ce me ya yi zafi. Suka riƙa tare manoma a bakin titi suna saye a nan. Manomi ya ga ba sai ya biya mai jaki ba, shi ma ya ce me ya yi zafi. Kafin kaka ta ƙare, layin masu awo a sama ya koma rabi. Mahauta da ke yanka sa suka koma yanka akuya, ita ma sai an yi ta roƙon mutane. 'Yan Ƙasa kuwa, 'yan'uwanmu na jini, har sun share fili a bakin titi sun kafa rumfuna, suna cewa ai don sauƙin jama'a ne. Mu masu jakuna mu wuni a gindin dutse muna korar ƙuda, jaki ya dube ka, ka dube shi.

An kai kuka birni. Wasu mutane masu manyan riguna suka zo a mota, suka tsaya inda kuke zaune yanzu, suka ɗaga kai suka kalli dutsen har hular ɗaya ta faɗi. Aka kawo musu fura suka sha, suka ce za a duba. Ina jin har yanzu ana dubawa.

Sai sarkin kasuwa, Alhaji Sale, ya tara mutane a ƙarƙashin ɗorawar da ke tsakiyar kasuwa. Ya ce, "Jama'a, magana ɗaya ce. Alhazai sun ce ba sa iya hawa. In ba su hau ba, kasuwar nan kafin baɗi ta koma bakin titi, mu zauna a nan mu da ƙadangaru. Wanda ke da dabara ya faɗa."

Kawu Nomau, wanda lokacin shi ne babba a cikin masu jakuna, ya miƙe ya ce, "Sarki, in gwiwa ce damuwarsu, a yi musu hanyar da ƙaramar mota za ta kawo su. Su hau a zaune kamar amare, su sayi abin da za su saya. Kaya kuwa namu ne, hawa da sauka, don babu motar da aka ƙera da za ta hau dutsen nan da lodi. Aikin hanyar mu za mu yi, mu da jakunanmu, ba ma son ko kwabo."

Wuri ya kaure da sambarka. Mu masu jakuna har muna dafa kafaɗar juna, mun ga mun ceci kasuwa, mun ceci tuwonmu, da dabara ɗaya. Sai Inna Talatu ta yi gyaran murya daga inda take zaune cikin tukwanenta. Ta ce, "Nomau, ni fa ban gane ba. Motar da ta ɗauko Alhaji, me zai hana ta ɗauko buhunsa?"

Kawu ya ce, "Talatu, ke yumɓu kika sani. Dutse ki bar wa masu shi."

Muka yi dariya, har da ni, kuma tawa ta fi ta kowa ƙarfi.

Sai maganar ta ina hanyar za ta bi. Tsohuwar ba ta yiwuwa, mota ba ta bin Santsi, ba ta shiga Maƙogwaro. Kowa ya kawo tasa, wani ya ce ta gabas, wani ya ce ta bayan kwarmi, har aka fara ɗaga murya. Kawu ya ce, "Ku daina wahalar da bakinku. Ɗanlami, kawo malalacin nan naka." Aka sauko da Duna gindin dutse da hantsi, ba a ba shi dusa ba. Muka cika mangala, jakar nan mai aljihu biyu ta bayan jaki, da yashi fiye da yadda aka saba, muka ɗora masa, muka toshe bakin tsohuwar hanya da ƙaya, muka cire igiyar wuyansa. Gidansa yana sama, dusarsa tana sama, ya san da haka. Ya je ya shinshini ƙayar, ya tsaya yana nazari, sannan ya juya ya kama gefen gabas. Muka bi shi a baya da ƙoren toka muna zubawa a sawunsa. Ya karkata, ya zaga wani dutse, ya ratsa ta ƙarƙashin wata kanya, ya sake karkata, ya bi wuraren da ni da aka haifa a kan dutsen ban taɓa tunanin ana bi ba. Bai yi nishi ko sau ɗaya ba har ya ɓullo bayan rumfar mahauta. Washegari muka maimaita don mu tabbata, ya sake bin layin tokar kamar shi ya zuba ta.

Ranin nan gaba ɗaya a kan layin nan muka ƙare shi. Inda dutse ya tare, a tara kirare a kansa a hura wuta har ya yi ja, a watsa ruwan kwarmi, ya tsage, a bi shi da guduma. Inda ya yi rami, a cike da marmara. Marmarar kuwa daga kududdufin Ƙasa ake haƙo ta, kuma duk wadda ke ƙarƙashin tayarku yau a bayan jaki ta hau, mangala bayan mangala. Ranar Juma'a masu zuwa coci su riƙe aikin, ranar Lahadi masu zuwa masallaci su riƙe, ba ranar da guduma ta huta. Mata suna kawo kunu. Jakuna suka rame, wasu suka yi miki, ba wanda ya yi ƙorafi. Abin da ya fi kashe mu shi ne son a yaba. Duk inda muka ga hanyar ta ɗan miƙe, sai Kawu ya ce, "A ƙara kwantar da nan, kada baƙi su ce aikin masu jakuna ne." Sai mu ƙara marmara, mu daddaɓe, mu ja da baya mu duba, mu ƙara. Ba wanda ya sa mu. Har magudanar ruwa muka yi mata a gefe, don kada damina ta ɓata mana suna.

Larabar da aka buɗe hanya, tun da sassafe muka jeru a gindin dutse, kowa ya wanke jakinsa, wasu har da sabuwar igiya, muna jiran kayan da za su dawo mana. Ƙaramar mota ta zo da Alhazai, ta kama hanya ta hau sumul. Muka yi tafi. Wata ta biyo, muka ƙara tafi. Can sai ga wata tsohuwar a-kori-kura, ƙofarta ɗaure da igiya, an lafta mata buhunan gero har sun fi kanta tsayi, a saman buhunan ga awaki, a saman awakin ga kwandon kaji. Direban ko kallonmu bai yi ba, ya karya kan mota ya nufi dutse.

Kawu ya ce, "Ku gyara akumari. Yanzu za ta kira mu."

Muka tsaya muna murmushi, muna jiran ta dawo da baya. Ta yi tari a lanƙwasar farko, ta wuce. Ta zaga dutsen nan, ta ratsa ƙarƙashin kanya, tana hayaƙi tana kuka, amma tana tafiya. Kowace lanƙwasa muna cewa a nan ne, kowace lanƙwasa ta ba ta hanya, don ba inda muka bar mata abin da zai tsayar da ita. Murmushin ya riƙa raguwa har ya ƙare. Da ta kai sama direban ya danna oda, muna ji daga ƙasa.

Kawu ya daɗe yana kallon sama, goro a hannu bai kai baki ba. Sannan ya ce, "Kai, mun iya aiki."

Kasuwa ta tsira, wannan ba ƙarya. Rumfunan bakin titi suka koma wurin kwanan awaki, 'yan Ƙasa suka sha kunya, mahauta suka dawo yanka sa. Yau kasuwar Dutsen Maje ta fi ta zamanin kakanninmu cika, ana zuwa daga Shanono, ana zuwa daga Dawakin Tofa, ga masu shayi, ga masu cajin waya, ga ku. Sarkin kasuwa ya yi mana godiya a bainar jama'a, ya ce garin nan ba zai taɓa mantawa da masu jakuna ba. Ya cika alkawari, duk wanda ya wuce mu a mota sai ya ɗaga mana hannu.

Mota ɗaya tana ɗaukar abin da jakunanmu duka za su wuni suna ɗauka, kuma ladanta bai kai namu ba. Ba zan ga laifin manomi ba, ni ma da ni ne haka zan yi. Masu jakuna suka fara watsewa, wani ya koma gona, wani ya tafi Kano dako, wani ya zama kamasho a tashar motocin da suka kore shi, yana kiran fasinja da muryar da yake kiran jaki. Kawu ya koma gida ya zauna yana tufkar igiyar da ba mai saye, bai sake hawa ta sabuwar hanya ba har Allah ya karɓi ransa. Inna Talatu kaɗai ta rage mini, don ta ce mota girgiza gare ta. Duk Laraba in muna hawa sai ta ce, "Ɗanlami, ni yumɓu na sani." Ba ta taɓa tsallake mako ba. Da ƙafa ta gagare ta, 'yarta ta gaji rumfar, ta cika ta da bokitan roba, su kuwa ko daga saman mota ka jefo su ba abin da ke samun su.

Na riƙe Duna bayan haka iya ƙarfina. Da rani mu kai taki gonaki, amma taki wata nawa ne, shi kuwa ci yake kullum, ga tsufa ya kama shi, ga gida cike da bakunan da suka riga shi. Lokacin wasu mutane sun fara zuwa kara suna sayen jakuna suna lodawa kudu, kuma kowa ya san ba kaya za su je ɗauka ba. Wata Laraba na ja shi zuwa kara. Ban yi dogon ciniki ba, abin da dillali ya faɗa na ce na sallama, don ba na son tsayuwar. Na cire akumarina, suka kama shi mutum huɗu suka cusa a bayan wata motar kaya, kanta, cikin 'yan'uwansa. Raina ya ɓaci ranar, ba zan ɓoye muku ba.

Direban kantar wani saurayi ne baƙo mai fara'a. Yana ɗaure ƙofar baya yana ja na da hira. Ya ce, "Baba, na yi yawo da motar nan ba kaɗan ba, ban taɓa hawa dutse mai daɗin wannan ba. Ko wahalar canjin giya ban sha ba. Wanda ya fitar da hanyar nan ya san aikinsa. Ɗan garin nan ne?"

Na ce, "Ɗan garin nan ne."

Ya ce, "Allah sarki. Yana raye?"

Na ce, "Yana bayan motarka. Ka sauka da shi a hankali."

Ya yi dariya, ya ɗauka barkwancin tsofaffi ne, ya shiga ya ta da mota. Na tsaya bayan rumfar mahauta ina kallon kantar tana bin lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya, ba gargada, ba tangal-tangal, har ta hau kwalta ta miƙe. Ni kuma na saɓa akumarin na bi ta cikin ciyawa, don ranar ƙafata ta ƙi sabuwar hanya.